Lissafin kwanan wata a manhaja: me ya sa wata ɗaya bayan 31 ga Janairu yake faɗawa cikin Maris?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ofishi a Jidda da ke kula da masauki da zirga-zirgar masu Umara daga Najeriya da Nijar. Na rubuta 'yar manhaja, fuskarta da JavaScript, bayanta da Python, domin ta riƙa lissafa mana ranar ƙarewar biza da ta fasfo da ranar biyan kuɗin haya. Matsalolina uku ne. Idan na ƙara wata ɗaya a kan 31 ga Janairu sai ta ba ni 3 ga Maris. Ranar haihuwar wasu tana komawa baya da kwana ɗaya bayan an adana ta. Sannan abokan aikina kowa da yadda yake rubuta kwanan wata, wani da Hijiriyya, wani da Miladiyya, wani da lambobin Larabci, kuma manhajar tana karɓa duka ba ta cewa komai. Shin in zauna in rubuta nawa lissafin daga tushe, ko akwai laburaren da zai ɗauke mini wannan nauyin?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka daidai, kana tambaya ne a kan abubuwa biyu da suka haɗu a wuri ɗaya, wato yadda ake ƙari da ragi a kan kwanan wata, da yadda ake tantance abin da ma'aikaci ya rubuta kafin a bar shi ya shiga ma'adanar bayanai. Amsa a taƙaice ita ce kada ka rubuta naka lissafin, domin an riga an yi wannan aikin kuma an gwada shi shekara da shekaru. Sai dai laburare, wato tarin umarnin kwamfuta da wasu suka riga suka rubuta domin a ɗauka a yi amfani da shi, lissafi kawai yake yi. Hukuncin abin da ake nufi da "wata ɗaya" a yarjejeniyar hayarku, ko abin da ake nufi da 03/04 a fom ɗinku, kai ne za ka yanke shi, kuma idan ba ka yanke ba laburaren zai yanke maka a ɓoye, ta hanyar da mai yiwuwa ba za ka so ba. Duka matsalolinka uku daga nan suka taso.

Abubuwa uku da muke kira da suna ɗaya

A maganar yau da kullum muna cewa "lokaci" ko "kwanan wata" ga abubuwan da kwamfuta take ganin su daban-daban. Akwai rana a kalanda, wadda ba ta da awa kuma ba ta da gari, kamar ranar haihuwa ko ranar ƙarewar fasfo. Wanda aka haifa 11 ga Maris a Zinder, ranar haihuwarsa tana nan 11 ga Maris ko yana Makka ko yana Amurka. Akwai kuma takamaiman lokacin da wani abu ya faru, kamar tashin jirgi ko shigar kuɗi asusu, wanda abu ne guda a duk duniya amma agogon kowane gari yana nuna shi daban. Na ukun shi ne tsawon lokaci, shi ma iri biyu ne, wanda ake ƙirgawa kamar kwana 90 ko awa biyar, da wanda yake bin kalanda kamar wata ɗaya ko shekara ɗaya, wanda tsawonsa ya danganta da inda aka fara ƙirga.

Laburaren java.time da ya zo tare da Java 8 a 2014 ya raba su sarai, yana da LocalDate don rana a kalanda, Instant da ZonedDateTime don takamaiman lokaci, Duration da Period don nau'o'in tsawon lokaci biyu. Python tana da date da datetime da timedelta. Tsohon Date na JavaScript kuwa abu ɗaya tak ya sani, wato adadin milisakan da suka shuɗe tun daga 1 ga Janairu 1970 da tsakar dare a agogon UTC, wato agogon da duk duniya take auna lokacinta da shi. Duk abin da ka ba shi sai ya mayar da shi takamaiman lokaci, ko da kai rana kawai kake nufi.

Wannan shi ne dalilin da ranar haihuwa take komawa baya. Ma'aikacinka yana zaune a Jidda ya zaɓi 11 ga Maris, sai JavaScript ta ɗauke shi a matsayin ƙarfe 12 na dare a agogon kwamfutarsa. Saudiyya tana gaban UTC da awa uku. Lokacin da za a aika bayanin zuwa sabar, wato kwamfutar da bayan manhajar yake aiki a kanta, galibi ta hanyar toISOString ko JSON.stringify, sai a juya shi zuwa UTC, ya fita a matsayin 10 ga Maris ƙarfe 21:00. Python a ɗaya ɓangaren ta yanke awannin ta adana ranar, sai ga 10 ga Maris a ma'adana. Babu wanda ya yi kuskuren lissafi a nan, kowane ɓangare ya yi abin da aka tsara shi ya yi. Maganin shi ne kada ranar haihuwa ta taɓa shiga cikin Date. Gurbin kwanan wata na HTML da kansa yana ba ka rubutu mai tsarin shekara, wata, rana, kamar 1974-08-12. Ka aika wannan rubutun yadda yake, ka karanta shi da date.fromisoformat a Python, ka adana shi a ginshiƙi mai nau'in DATE. Na ga mutane da yawa suna gyara wannan ta hanyar ƙara awa uku kafin aikawa, kuma yana yi musu aiki har zuwa ranar da wakilinsu da ke wani gari, wanda agogonsa yake gaban UTC da fiye da awa uku, ya fara shigar da bayanai daga can.

Ƙarin wata ɗaya

Tambayar "wace rana ce wata ɗaya bayan 31 ga Janairu" ba ta da amsa guda ɗaya, tun da babu 31 ga Fabrairu. Kowane laburare ya zaɓi hanyarsa. JavaScript tana canza watan zuwa Fabrairu ta bar ranar a 31, sai ta ga Fabrairu kwana 28 ne, ta kwashe rarar kwana ukun ta zuba su cikin Maris, shi ne 3 ga Maris da kake gani. A shekarar kabisa, wadda Fabrairu ke yin kwana 29 kamar 2024, za ta ba ka 2 ga Maris. PHP ma haka take yi idan aka ce mata ta ƙara wata. Ita kuwa Java, da plusMonths, tana tsayawa a ranar ƙarshe ta watan, ta ba ka 28 ga Fabrairu. Python ta ƙi shiga rigimar gaba ɗaya, timedelta ɗinta ya san makonni da kwanaki da awanni amma bai san wata ba, sai ka ɗauko laburaren dateutil ka yi amfani da relativedelta, wanda shi ma yake tsayawa a ƙarshen wata kamar Java.

Ga aikin haya da albashi da kwantiragi, tsayawa a ƙarshen wata shi ne abin da mutane suke tsammani, kuma shi nake ba ka shawarar ka bi. Amma akwai tarko a cikinsa da ya kamata ka gani da idonka. Ɗauki hayar da ta fara 31 ga Janairu 2025. Ƙara wata ɗaya, ka samu 28 ga Fabrairu. Ƙara wata ɗaya a kan wannan sakamakon, ka samu 28 ga Maris, daga nan 28 ga Afrilu, haka za ta tafi har ƙarshen shekara, ranar biya ta zame daga 31 ta koma 28 ba tare da kowa ya yanke hakan ba. Idan kuwa ka ƙara wata biyu kai tsaye a kan ranar farko, 31 ga Maris za ka samu. Saboda haka a koyaushe ka lissafa daga ranar asali. Biya na biyar shi ne ranar farawa da ƙarin wata biyar, kada ka gina shi a kan biya na huɗu. Haka nan ragi ba ya mayar da kai inda ka fito, domin 28 ga Fabrairu idan aka cire wata ɗaya 28 ga Janairu ne, ranar 31 ta ɓace.

Shekara ma tana da irin wannan ramin, sai dai sau ɗaya yake buɗewa a shekara huɗu, shi ya sa yake kama manya. Ranar 29 ga Fabrairu 2012 sabis ɗin Azure na kamfanin Microsoft ya samu gagarumar tangarɗa, kuma bayanin da kamfanin ya fitar ya nuna cewa wani ɓangaren manhajar yana lissafa wa'adin takardar shaida ta hanyar ƙara ɗaya a kan shekara kawai, sai ya samar da 29 ga Fabrairu 2013, ranar da babu ita. Dokar kabisar kanta tana da ƙusurwa, domin shekarar da huɗu ke rabawa kabisa ce, ban da wadda ɗari ke rabawa, sai fa idan ɗari huɗu ma yana raba ta. Don haka 2000 kabisa ce amma 1900 ba ita ba ce, duk da cewa Excel har yau yana karɓar 29 ga Fabrairu 1900, gadon da ya ɗauka daga Lotus 1-2-3. Wannan kaɗai ya isa hujjar kada mutum ya rubuta nasa.

Ka kuma lura cewa kwana 90 da wata uku ba abu ɗaya ba ne. Daga 1 ga Janairu 2025 duka biyun suna kai ka 1 ga Afrilu, wanda zai sa ka ɗauka daidai suke. Daga 1 ga Yuli kuwa wata uku 1 ga Oktoba ne, kwana 90 kuma 29 ga Satumba. A harkar biza wannan bambancin na kwana biyu yana iya zama tara a kan baƙonku. Abin da takarda ta faɗa da kwanaki ka lissafa shi da timedelta, abin da ta faɗa da watanni, kamar sharaɗin nan na cewa fasfo ya kasance yana da sauran wata shida, ka lissafa shi da relativedelta. Sannan akwai tambayar ko ranar shigowa tana cikin ƙirga. Wannan hukuma ce take yanke shi, kuma a aikina duk inda hukuma ta riga ta ba da ranar ƙarewa a rubuce, kamar yadda ake gani a shafukan gwamnatin Saudiyya irin su Absher ko Muqeem, ranar nan nake adanawa a matsayin gaskiya. Lissafin manhaja sai ya zama na tunatarwa da gano saɓani kawai.

Hijiriyya

Nan ne aikinmu a Saudiyya ya fi na sauran wurare wuya, kuma yawancin darussan da za ka gani a intanet ba su taɓo shi ba. Gwamnati ta mayar da biyan albashin ma'aikatanta kan kalandar Miladiyya a 2016, kuma a 2023 majalisar ministoci ta amince a riƙa lissafa wa'adi a harkokin hukuma da Miladiyya, ban da abin da ya rataya da hukuncin shari'a. Duk da haka tsofaffin takardu, da wasu yarjejeniyoyin haya, da ranakun haihuwa a katunan shaida, duka suna nan da Hijiriyya, don haka manhajarka ba ta da mafita sai ta iya biyun.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne cewa babu wata dabarar lissafi mai sauƙi da ke juya Miladiyya zuwa Hijiriyyar da ake aiki da ita a nan. Shekarar Hijiriyya kwana 354 ce ko 355, amma wane wata ne zai yi 29 wane ne zai cika 30 ba a jere yake ba. Kalandar Ummul Ƙura, wadda ita ce ta hukuma, an gina ta a kan lissafin falaki na haɗuwar rana da wata da faɗuwarsu a Makka, saboda haka laburaren da ke bin ta jadawali yake ɗauke da shi a cikinsa, kuma jadawalin yana da farko yana da ƙarshe. HijrahChronology na Java yana ɗauke da 1300 zuwa 1600 bayan Hijira. UmAlQuraCalendar na .NET yana tsayawa a 1500. A Python akwai hijridate, wanda a da ake kira hijri-converter, yana aiki daga 1343 zuwa 1500. Akwai kuma wata Hijiriyya ta lissafi zalla, mai jera watanni 30 da 29 bi da bi, wadda a JavaScript sunanta islamic-civil, alhali ta Ummul Ƙura sunanta islamic-umalqura. Su biyun suna iya saɓawa da kwana ɗaya ko biyu, kuma idan fuskar manhajarka tana amfani da ɗaya bayanta yana amfani da ɗaya, za ka sha neman kuskuren da ba ya bayyana sai a wasu watanni. Ka gwada kowane laburare da ranakun da ka tabbata da su, misali 1 ga Muharram 1445 ita ce 19 ga Yuli 2023, 1 ga Ramadan 1445 kuma 11 ga Maris 2024.

Abu na biyu shi ne Ummul Ƙura kalandar ofis ce. Farkon azumi da Sallah da ranar Arfa Kotun Ƙoli ce take sanar da su bayan ganin wata, kamar yadda a Najeriya ake jiran sanarwar Sarkin Musulmi, kuma sanarwar tana iya saɓa wa jadawalin da kwana ɗaya. Babu laburaren da zai gaya maka wannan tun kafin lokacin. Idan kuna da farashin masauki na goman ƙarshe na Ramadan, ko jigilar da ta rataya da 8 ga Zulhajji, ka sanya waɗannan ranakun a wani ɗan tebur da shugaban ofis zai iya gyarawa da hannu daren da aka yi sanarwa. A gefe guda kuma, ko da yake a addinance rana tana shiga ne da faɗuwar rana, laburarorin nan duka suna juya kwanan Hijiriyya ne da ƙarfe 12 na dare, kamar yadda takardun hukuma suke yi.

Shawarata a kan adanawa ita ce ka riƙe Miladiyya a matsayin ginshiƙin da ake jerawa da kwatantawa da shi, amma duk ranar da ta zo maka da Hijiriyya ka adana ta ita ma yadda aka rubuta, tare da alamar cewa asalinta Hijiriyya ce. Hayar da aka ƙulla ta shekara ɗaya ta Hijiriyya dole a ƙara mata shekarar a cikin Hijiriyya sannan a juya, domin wanda ya juya tukuna ya ƙara shekarar Miladiyya ya ba mai haya kyautar kusan kwana goma sha ɗaya.

Tantance abin da aka rubuta

Matsalarka ta uku ita ce mafi haɗari, domin biyun farko suna nuna kansu, ita kuwa shiru take yi. Tantancewa tamkar mai gadin ƙofa ce, wanda ya bari ya wuce ba a ƙara tambayarsa a ciki. Ni matakai huɗu nake bi, kuma jerinsu yana da muhimmanci.

Da farko a tsabtace rubutun. Lambobin Larabci na gabas, wato ٠ zuwa ٩, a mayar da su 0 zuwa 9, haka ma na Farisa da ke kama da su amma lambar Unicode ɗinsu daban ce, waɗanda za ka gamu da su idan kuna da abokan aiki 'yan Pakistan ko Afghanistan. Python tana da sassauci a nan, int tana karanta ١٤٤٥ a matsayin 1445, amma a JavaScript alamar \d lambobin 0 zuwa 9 kawai ta sani. Akwai kuma haruffan da ido ba ya gani, irin U+200F da ke nuna alƙiblar rubutu daga dama zuwa hagu, waɗanda suke maƙalewa a tsakanin lambobi idan aka kwafo kwanan wata daga takardar Larabci. Ma'aikaci zai rantse maka abin da ya liƙa daidai ne, kuma a allo daidai ɗin ne, amma manhaja tana ganin haruffa goma sha biyu a inda kai kake ganin goma. A share su kafin komai.

Sannan a tilasta tsari ɗaya. Rubutun 03/04/2025 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris ne, kuma laburaren da ke ƙoƙarin yin hasashe, kamar parser na dateutil, yana fara ɗaukar lambar farko a matsayin wata sai fa idan ta wuce 12. Sakamakon shi ne 13/04 ya shiga daidai, 03/04 ya shiga a juye, a cikin fayil ɗaya. Don haka ba na barin irin wannan mai hasashen kusa da bayanan da mutum ya rubuta da hannu. Ka yi amfani da strptime da tsari guda da ka ƙayyade, abin da bai dace da shi ba a mayar wa mai shi. A fom kuma ka raba gurbi uku, na rana da na wata da na shekara, watan a zaɓe shi da sunansa, sannan a sa maɓallin zaɓin kalanda da ba shi da zaɓin da aka riga aka danna. Tsakanin manhaja da manhaja kuwa tsarin ISO 8601 kaɗai, shekara sannan wata sannan rana.

Mataki na uku shi ne a tabbatar ranar tana nan a kalandar da aka zaɓa. Python tana ƙin 30 ga Fabrairu nan take da ValueError, wanda abu ne mai kyau. JavaScript idan ka ba ta shekara da wata da rana a rarrabe tana karɓa ta mayar da shi 2 ga Maris ba tare da ta ce uffan ba, ga shi kuma tana ƙirga watanni daga sifili, Janairu 0 Disamba 11. Java tana tsaka-tsaki, domin DateTimeFormatter da aka gina da ofPattern yana gyara 30 ga Fabrairu ya mayar da shi 28, sai an sa masa ResolverStyle.STRICT, kuma a wannan yanayin sai an rubuta shekara da uuuu maimakon yyyy. Dalilin da ya sa zaɓin kalanda ya riga wannan mataki shi ne 30/02 rana ce da za ta iya zama sahihiya a Hijiriyya, tun da Safar yana iya cika talatin, alhali 31 ga kowane wata ba ta taɓa yiwuwa a cikinta.

Na huɗun shi ne wanda kusan kowa yake mantawa, wato ranar tana da ma'ana a wannan gurbin? Idan abokin aikinka ya rubuta 01/09/1445 a gurbin Miladiyya, Python za ta karɓa da hannu biyu, domin shekarar 1445 Miladiyya shekara ce ta gaskiya, sai manhajarka ta sanar da kai cewa bizar bawan Allah ta ƙare fiye da ƙarni biyar da suka wuce. Kowane gurbi yana buƙatar iyakarsa. Ranar haihuwa ba ta wuce yau kuma ba ta yin nisan da ya fi ƙarfin rayuwar ɗan Adam, ranar ƙarewar fasfo tana bayan ranar bayar da shi, ranar fita tana bayan ranar shigowa. Idan shekara ta faɗo tsakanin 1300 da 1500 a gurbin Miladiyya, kada manhajar ta juya ta da kanta. Ta tambayi ma'aikacin ko Hijiriyya yake nufi, shi ya tabbatar.

Tun da da fasfo kuke aiki, bari in ɗan tsaya a kan layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto, waɗanda na'ura ke karantawa. Bisa ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, kwanan wata a wurin lamba shida ne, biyu na shekara biyu na wata biyu na rana, sai lamba ta bakwai ta tantancewa. Ana ninka lambobin da 7, 3, 1 bi da bi, a haɗa, a ɗauki lambar ƙarshe. Ga 740812 jimillar 122 ce, don haka lambar tantancewa 2 ce, kuma idan abin da aka karanto bai ba da 2 ba to an yi kuskuren karatu. Wannan bincike ne na kyauta da bai kamata ka bar shi ba. Matsalar ita ce shekara mai lamba biyu. Alamar %y a Python tana ɗaukar 69 zuwa 99 a matsayin 1969 zuwa 1999, tana ɗaukar 00 zuwa 68 a matsayin 2000 zuwa 2068. Hajiyar da aka haifa a 1955 za ta fito da ranar haihuwa a 2055, kuma masu Umara da yawa dattawa ne. Ƙarnin kai za ka yanke shi gwargwadon gurbi, ranar haihuwa ba ta zama a gaba, ranar ƙarewar fasfon da ake tafiya da shi kuma ba ta zama a ƙarnin da ya wuce.

Kada kuma tsananin tantancewa ya kai ka ga ƙin gaskiya. Za ka ga dattawa da yawa daga ƙasashenmu ranar haihuwarsu 1 ga Janairu, a takardun Saudiyya kuma 1 ga Rajab, saboda ranar da ake sanya wa wanda ba a san takamaiman ranar haihuwarsa ba ke nan. Idan manhajarka tana gano maimaici ta hanyar suna da ranar haihuwa kawai, za ta haɗe mutane biyu masu suna ɗaya ta mayar da su mutum guda. Lambar fasfo ce abin dogaro a nan. Duk wannan binciken kuma dole a yi shi a sabar. Wanda ke fuskar manhaja don sauƙaƙa wa ma'aikaci ne, amma bayanan da suka shigo ta fayil ɗin Excel ko ta wata manhajar ba sa bi ta fom.

Agogon garuruwa

Ga tashi da saukar jirage, ka adana lokacin a UTC tare da sunan shiyyar, kamar Asia/Riyadh ko Africa/Lagos ko Africa/Niamey, ta amfani da zoneinfo da ya shigo Python tun 3.9. Jirgin da ya tashi daga Kano ƙarfe 11:30 na dare ranar 10, a agogon Jidda an riga an shiga ranar 11 da ƙarfe 1:30, don haka tambayar "wace rana ya tashi" sai an faɗi a wane gari. Saudiyya da Najeriya da Nijar ba sa canza agogo da zuwan bazara, wanda yake sa mutum ya ga kamar rubuta +3 da +1 da hannu ya wadatar. Sudan ta isa misali, domin daga shekarar 2000 agogon Khartoum ɗaya yake da na Makka, sai ranar 1 ga Nuwamba 2017 aka mayar da shi baya da awa ɗaya. Masar kuma ta dawo da agogon bazara a 2023, ga shi baƙinku da dama ta Alƙahira suke biyowa. Sunan shiyya yana ɗauke da wannan tarihin, matuƙar kana sabunta tzdata, kunshin da ke ɗauke da bayanan shiyyoyin agogo. Haka ma ranakun hutu, idan za ka lissafa kwanakin aiki, ka tuna a nan Juma'a da Asabar ne tun 2013, kafin nan Alhamis da Juma'a ne, alhali yawancin laburarori Asabar da Lahadi suke ɗauka sai an gaya musu.

Gwaji da bayanan da suka riga suka shiga

Ka rubuta gwaje-gwaje a kan ranakun da aka san suna karya manhaja, wato 31 ga Janairu, 29 ga Fabrairu, 31 ga Agusta da ƙarin wata shida, 31 ga Disamba da dare, 30 ga watan Hijiriyya da ya tsaya a 29, da shekara ɗaya bayan ƙarshen jadawalin laburarenka. Domin gwajin ya yiwu, kada ayyukan lissafinka su riƙa tambayar agogon kwamfuta da kansu. Ka miƙa musu "yau" a matsayin abin da aka ba su, ta yadda za ka iya ce musu yau 29 ga Fabrairu ce ka ga abin da za su yi.

Abin da na faɗa ya fito ne daga aikin manhajojin ofis da na rijista, inda kwana ɗaya shi ne ma'auni. Manhajar banki ko ta sadarwa da ke auna ƙasa da sakan tana da nata matsalolin da ban shiga ba. Haka nan fassarar wa'adi a yarjejeniya, idan ta kai ga jayayya, maganar lauya ce da hukuma.

Saura bayanan da ke cikin ma'adanarka yanzu. Waɗanda suka koma baya da kwana ɗaya suna gyaruwa idan an adana su da awanninsu, domin duk ranar haihuwar da ke ɗauke da ƙarfe 21:00 daga Jidda aka shigar da ita, mai 23:00 kuma daga Kano ko Yamai, sai a ƙara musu kwana ɗaya. Masu shekarar da ke tsakanin 1300 da 1500 ma suna da sauƙin ganowa. Waɗanda rana da wata suka juye kuwa, idan duka lambobin biyu ba su wuce 12 ba, babu wata dabara da za ta nuna maka daga cikin ma'adanar, dole sai an koma ga hoton fasfo ɗaya bayan ɗaya. Ka fara da baƙin da ke cikin ƙasa yanzu, ka ɗauki kwafin ma'adanar kafin ka taɓa komai, kuma ka rufe ƙofar shigar da sababbin bayanai ta tsohon fom kafin a fara gyaran. Allah Ya taimaka.